Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu kamfanoni da shugabannin ofisoshi: ku duba tarihin j2 Global kafin ku damƙa fayilolinku da lambar wayarku

Zuwa ga masu kamfanoni, da shugabannin makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da duk wanda sai ya sa hannu kuɗi ke fita a ofis.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe,

Mu masu sana'ar haɗa kwamfutoci da layukan waya ne a ofisoshi. Mun rubuto ne a kan wata haja da ake kawo muku talla: kamfani ɗaya ya ajiye muku fayilolinku a rumbunsa na intanet, ya kuma ba ku lambar ofis mai layukan ciki, da muryar nan mai cewa "danna ɗaya domin sashen ciniki", duk a kan kuɗin wata. Ba mu ce ku ƙi ba. Ga ofis mai ma'aikata goma ko ashirin, hakan ya fi sayen manyan na'urori sauƙi. Sai dai yawancin masu sa hannu tambaya biyu suke yi: nawa ne, kuma kamfanin babba ne? Ta ukun ce ake bari, alhali ita ce mai ciwo: nan da shekara biyar a hannun wa wannan kamfanin zai kasance, kuma in ban gamsu ba, ta wace ƙofa zan fita da kayana? Tarihin wani kamfanin Amurka mai suna j2 Global ya isa ya nuna dalilin da ya sa muke nacewa a kanta.

An kafa shi a birnin New York a ƙarshen 1995 da sunan JFAX Communications. Mutum biyu suka assasa shi, kuma babu injiniyan waya a cikinsu: Jaye Muller, mawaƙi haifaffen Berlin ta Gabas, da Jack Rieley, wanda ya taɓa riƙe manajan mawaƙan Beach Boys. Damuwarsu ta matafiyi ce. Yau kana wannan gari, gobe kana wancan, takardun fakis kuwa, wato takardun da ake aikowa ta layin waya, suna can suna faɗawa na'urar da ka baro a ofis. Sai suka ce a ba mutum lambar waya ta gaske a wani birni, duk fakis ko saƙon murya da ya shigo ta lambar kwamfutar kamfani ta karɓa, ta mai da shi fayil, ta tura masa ta imel. Ku riƙe wannan, domin a kansa aka gina wayar ofis ta intanet da ake sayar muku yau: lambar ta bar jikin wayar tagulla da ke bango, ta koma rubutu a kwamfutar wani.

Kamfanin ya koma Los Angeles, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 1999. A 2000, shekarar da darajar kamfanonin intanet ta faɗi warwas, ya sayi abokin hamayyarsa eFax.com, ya sauya suna zuwa j2 Global Communications. Sunan wanda aka saya ɗin ne ya rayu a kasuwa, har yau eFax aka sani. Daga nan saye ya zama hanyar girmansa. Ya mallaki Onebox da eVoice a fannin wayar ofis. A 2010 ya biya kusan dala miliyan 213 ya ɗauke Protus na birnin Ottawa a Kanada, mai MyFax da Campaigner, kuma a wannan shekarar ya shiga harkar ajiya da sayen KeepItSafe na Dublin. Livedrive na Landan ya biyo baya a 2014, SugarSync da LiveVault a 2015, duk na ajiya, sai Line2 na waya a 2018.

Me ake saye a irin wannan ciniki? Manhaja kaɗan ce daga ciki. Ainihin hajar ita ce ku, masu biyan kuɗin wata. Wanda ya buga lamba a allon shagonsa, da rasit, da jikin motar kamfani, ba ya canza ta da wasa. Wanda ya shafe makonni yana ɗora fayiloli ba ya son ya sake. Mai saye ya san haka, shi ya sa yakan bar tsohon suna da tsohon tambari yadda suke, abokin ciniki ya ci gaba da biya, wani lokaci bai ma san an yi ciniki ba. Wannan ba zamba ba ce, kasuwanci ne na halal, kuma j2 ya daɗe yana cin riba da shi. Amma ya kamata ku san matsayinku a cikinsa.

A Nuwamban 2012 labarin ya karkata. Kamfanin fakis da waya ya sayi Ziff Davis, mai mujallar PCMag, a kan dala miliyan 167. IGN mai labaran wasannin bidiyo ya shigo a 2013, sai Ookla a 2014, wato masu Speedtest ɗin da ake gwada ƙarfin intanet da shi, sai Everyday Health mai shafukan bayanan lafiya a 2016 a kan dala miliyan 465, sai shafin labarai na Mashable a 2017. A farkon 2018 Vivek Shah, wanda ya shigo tare da Ziff Davis, ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya. Duk mai lura ya ga inda hankalin masu gida ya koma. A Oktoban 2021 aka raba gari: harkar fakis ta fita ta zama kamfani mai zaman kansa, Consensus Cloud Solutions, ragowar kuma ta ɗauki sunan Ziff Davis. Gab da haka an sayar da KeepItSafe da LiveVault ga Jungle Disk na San Antonio a jihar Texas. Sunan j2 Global ya kau daga kasuwa.

Ku ɗauki wani ofis da a farkon 2021 yake karɓar fakis ta eFax, yana amsa kira ta eVoice, yana ajiye kwafinsa a KeepItSafe, yana jin daɗin cewa komai a inuwa ɗaya yake. Kafin shekarar ta ƙare yana hulɗa ne da kamfanoni uku, kowa da masu shi da tsarinsa. LiveVault ma ya fi ban mamaki. Iron Mountain ya saye shi a 2005, ya koma hannun Autonomy a 2011, HP ya haɗiye Autonomy a wannan shekarar, j2 ya karɓa a 2015, Jungle Disk a 2021. Iyayen gida biyar cikin shekara goma sha shida. Tamkar gidan haya ne da ake ta sayarwa da 'yan haya a ciki: ɗakin bai motsa ba, amma mai karɓar kuɗi da mai gyaran rufi sun canza.

Kuma waɗannan su ne masu sa'a, tunda hidimar ta ci gaba. A Satumban 2013 Nirvanix, kamfanin ajiya da manyan ma'aikatu ke hulɗa da shi, ya ba abokan cinikinsa kimanin mako biyu su kwashe kayansu, sannan ya durƙushe. Kamfanin Barracuda ya rufe rumbunsa na Copy a watan Mayun 2016. Microsoft ya janye alkawarin ajiya marar iyaka na OneDrive a Nuwamban 2015, Amazon ya janye nasa a 2017, ya rufe Amazon Drive gaba ɗaya a ƙarshen 2023. SugarSync ɗin da muka ambata ya soke asusun kyauta a farkon 2014, tun kafin j2 ya saye shi. Kada kuma a ce abin na Turawa ne: MainOne, mai igiyar intanet ta ƙarƙashin teku da cibiyoyin ajiya a Legas, ya koma hannun Equinix na Amurka a 2022 a kan dala miliyan 320.

To, ga abin da muke roƙonku, mu fara da ajiya.

Kafin komai ku yi lissafin fita. Ku tambayi mai kula da kwamfutocinku adadin gigabait ɗin da kuke da shi, da saurin layinku na gaske, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba. Gigabait 500 a kan layi mai megabit 10 a daƙiƙa yana cin awa 111, wato kwana huɗu da rabi da 'yan kai, idan wuta ba ta ɗauke ba, layin bai yanke ba, kuma babu wanda ya buɗe YouTube. Terabait 2 yana cin kwana 18 da rabi. Da wa'adin Nirvanix aka ba ku, a kan irin wannan layin terabait ɗaya da rabi kawai za ku tsira da shi. Wasu kamfanonin kuma ɗorawa kyauta ce amma saukewa da kuɗi, kowace gigabait da farashinta. Saboda haka kada kwafin da ke intanet ya zama shi kaɗai. Ƙa'idar da masu sana'ar nan suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin ofis. Na intanet shi ne na wajen. Sauran biyun a hannunku suke: na kan kwamfutar aiki, da na kan faifan ajiya na waje da ake cirewa a kulle a durowa bayan an gama kwafa. Faifan da aka bari a jone dare da rana ba ya cikin lissafi, domin duk abin da ya sami kwamfutar, ko tsawa ce ko muguwar manhaja, zai same shi.

Abu na biyu shi ne wanda aka fi ruɗa mutane da shi. Manhajar da ke daidaita fayiloli tsakanin na'urori daban take da ta kwafin ko-ta-kwana. Aikin ta farko shi ne duk abin da ya faru a nan ya faru a can. Akawu ya goge jakar albashi bisa kuskure, cikin 'yan daƙiƙu ta goge a rumbun intanet da kwamfutar manaja. Manhajar masu garkuwa da bayanai ta kulle fayilolinku, sai a ɗora kullallun su danne masu kyau, ba ji ba gani. Abin da ke ceton ku shi ne tsofaffin kwafi da kamfanin ke riƙewa. Ku tambaya: kwana nawa ake riƙe su? Da yawa kwana 30 ne. Fayil ɗin haraji da ake buɗewa sau ɗaya a shekara, idan ya lalace a watan Maris aka gano a Disamba, kwana 30 ba su amfane ku da komai ba. Ku tambayi kuma ko za a iya mai da babbar jaka gaba ɗaya zuwa yadda take a wata rana, ko kuwa sai an bi fayil dubu goma ɗaya bayan ɗaya.

Girman kamfani ba ya hana gobara. A ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin ajiya na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda kwafinsu na ko-ta-kwana yake a harabar guda, ya tafi tare da na asali. A 2014 wani ya kutsa asusun kamfanin Code Spaces da ke kan rumbun Amazon, ya goge bayanai da kwafinsu duka, domin makulli ɗaya ke buɗe su, kamfanin bai sake tashi ba. Don haka ku nemi a rubuta muku garin da fayilolinku suke da garin da kwafinsu yake. Wannan ma ba zaɓi ba ne ga wanda ke riƙe da bayanan ɗalibai, marasa lafiya ko ma'aikata a Najeriya, tunda dokar kare bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma ku za a tambaya.

Sai batun makulli da sunan mai asusu, wanda a ganinmu ya fi gobara ɓarna a ofisoshinmu. Yaron da ya iya kwamfuta ya buɗe asusun da imel ɗinsa na kansa, lambar tabbatarwa tana zuwa wayarsa, ya samu aiki a Abuja ya tafi. Kamfanin ajiyar bai san ku ba, shi ya sani. A buɗe asusu da imel ɗin ofis, a sa manyan masu iko biyu, a buga lambobin ceto a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Idan kun zaɓi makullin sirri na kanku, wanda ko kamfanin ba ya iya buɗe fayilolinku, kun yi daidai, amma ku sani in ya ɓace babu mai dawo muku da shi, kuka ko lauya. Biyan kuɗi ma a sa masa ido. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da katin naira ke iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sannan dalar da ke wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kati ya ƙi biya, saƙon gargaɗi ya faɗa akwatin imel da ba mai dubawa, wa'adi ya cika, a goge. Ku san kwana nawa ke tsakanin ƙin biya da gogewa.

Kuma sau ɗaya a wata uku, ku sa a sauko da fayil goma da ku da kanku kuka zaɓa, zuwa wata kwamfuta daban, a buɗe su a gabanku. Koren maki a fuskar manhaja ba shaida ba ce.

Yanzu waya. Tambayar farko: lambar ta wa ce? A Amurka, tun 2007 hukumar sadarwarsu ta FCC ta faɗaɗa haƙƙin ƙaura da lamba zuwa wayar intanet. A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta buɗe ƙaura da lamba a Afrilun 2013 tsakanin layukan salula. Kada ku ɗauka lambar ofis da wani kamfani ya ba ku tana da wannan gatan kai tsaye. Yarjejeniyoyi da yawa suna cewa ƙarara lambar ta kamfani ce, aro aka ba ku. A rubuta muku ko za ku iya tafiya da ita, da kuɗin da za a caje ku, da kwanakin da zai ɗauka. In an ce ba za a iya ba, to ku bar tsohuwar lambarku ta salula a allo da rasit, ku karkatar da kiranta zuwa sabon tsarin. In ranar ƙaura ta zo, kada ku soke tsohon asusu sai sabon ya fara ƙara. Lambar da aka soke ba ta ƙaura.

Murya ba ta cin intanet da yawa, amma ba ta da haƙuri. Kira ɗaya da tsarin tura murya mai suna G.711 yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa a kowane ɓangare, G.729 kuma kusan 31 amma sautin ya fi shaƙewa. Ku ware kilobit 100 ga kowane kira: ofis da mutum takwas ke magana lokaci guda yana buƙatar 800 hawa, wato abin da ke fita daga ofis, 800 sauka, wato abin da ke shigowa. Abin da ke kashe kira shi ne jinkiri da tangarɗa. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya ce jinkirin tafiyar murya daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), in ya wuce sai mutane su fara katse juna suna "ina jin ka, ci gaba". Bambancin lokacin isowar ƙunshin murya ya tsaya ƙasa da milisakan 30, wanda ke ɓacewa a hanya kuma ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Shi ya sa wurin da kwamfutocin kamfanin suke ya zama abin tambaya. In a Amurka suke, kiran da mai gadi ya yi wa manaja a bene na sama yana iya ƙetare teku ya dawo. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da igiyoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, an ga abin da ke samun duk wanda aikinsa ya rataya a kan ƙetaren.

Ga inda haɗa ajiya da waya ke cizo, kuma mai talla ba zai faɗa muku ba. Manhajar ajiya tana cinye duk hanyar hawa da ta samu. Wani ya jefa bidiyon taro mai gigabait 3 a jakar ofis da ƙarfe sha ɗaya na safe, layin hawa ya cika, ku kuna jin abokin ciniki raɗau, shi kuwa yana jin muryarku a gutsuttsure. Za a zagi kamfanin waya, alhali ɓarnar daga cikin gida take. Maganin biyu ne: a ƙayyade wa manhajar ajiya kada ta wuce kashi 60 zuwa 70 na hanyar hawa a lokacin aiki, manyan kwafi a bar su sai dare, sannan a saita rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, ta fifita murya a kan komai. Idan kuma kira yana shiga amma ɓangare ɗaya kawai ke jin ɗaya, ko yana yankewa bayan kusan daƙiƙa 30 kullum, a fara duba wani saiti a rauta mai suna SIP ALG a kashe shi. Ƙananan rautoci da yawa da shi a kunne suke zuwa, kuma ya fi ɓatawa a kan gyarawa.

Tsohuwar wayar tagulla daga layinta take samun wuta, wayar intanet kuwa daga wutar ofishinku. Wayoyin tebur 12 masu cin kusan wat 5 kowacce, da na'urar da ke rarraba musu layi da wuta, da rauta, da akwatin mai ba ku intanet, sun tasam ma wat 105. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in na ruwa ne da ba a son a sha fiye da rabinsa, an kuma cire abin da inbata ke ci, zai riƙe su kamar awa biyar. Ba dogon ɗaukewar ce kaɗai matsala ba. Daƙiƙun nan tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta sun isa su yanke kowane kira, wayoyin su ɗauki minti ɗaya ko biyu suna farfaɗowa. A sa waɗannan na'urori a kan inbatarsu su kaɗai, ba tare da firji da injin hoto ba. A kuma saita tun ranar farko cewa in ofis ya ɓace daga intanet, kira ya faɗa wayar salular mutum biyu.

Sai ɓarayin kira. Akwai manhajojin da ke yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 5060, suna gwada kalmomin sirri irin su 1234 ko lambar layin cikin kanta. In suka samu shiga, sukan jira daren Juma'a, su yi ta buga lambobin ƙetare masu tsada har wayewar Litinin, lissafin kuma da sunanku zai fito. A canza kalmar sirrin da kowace waya ta zo da ita, a rufe kiran ƙasashen waje sai ga layukan da ke buƙata da ƙasashen da kuke hulɗa da su, a sa iyakar kuɗin da za a iya kashewa a rana.

A ƙarshe, sakin layi ɗaya muke so ku sa lauyanku ya nema a yarjejeniyar, in babu ya sa a ƙara: idan aka sayar da kamfanin, ko aka miƙa asusunku ga wani, ko za a rufe hidimar, a sanar da ku a rubuce aƙalla kwana 90 kafin lokaci, ku sami damar fita ba tare da tara ba, a ba ku fayilolinku da rikodin kiranku da jerin lambobinku a sigar da kowace kwamfuta ke buɗewa. Manyan kamfanonin ƙetare ba za su canza takardarsu saboda ofis mai mutum ashirin ba. Dillalin da ya kawo muku su, wanda ke da ofis a garinku, shi zai iya sa hannu, kuma shi ya kamata ku riƙe.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya. Wassalam.

Naku,
Wasu masu haɗa kwamfutoci da layukan wayar ofis